Shekarar da Na Cire Ƙyauren Ɗakin Uwarku

Ranar sunan ɗiyar Sanusi na ji ku kuna gardama a kan ƙyauren nan da ke jingine a rumfar shanu. Ɗaya ya ce wani Bature ne ya zana shi, ɗaya ya ce a Maradi na sayo shi. Ina kwance bayan zana kamar mai barci, ina jin ku, har Hadiza ta ce ai Baba ko sunansa sai ya yi gumi yake rubutawa, ina zai iya wannan aiki. Ta yi gaskiya game da sunan. Ban daɗe a elementare ba aka sallamo ni, don na zana malaminmu a bango da kunnuwan jaki, kuma abin da ya fi ƙona masa rai, kowa ya gane shi. Amma ƙyauren nan hannuna ne. Tunda yayana Arzika ya riga ya cika muku kunne da cewa a shekarar yunwa na bar gona na tafi wasa da gawayi, to yau ku ji daga bakin mai gawayin.

Ba a haifi ko ɗayanku ba lokacin. Sama ta riƙe ruwanta damina bayan damina, gulbi ya zama hanyar jakuna, mata suna fita da galma suna tonon gidan tururuwa don su ƙwato hatsin da ta tara. Anza, 'ya'yan wani icen daji, muke jiƙawa har ɗacinta ya ragu, sai jar dawar agaji in rabo ya kawo. Abin da ba na mantawa shi ne fatu. Duk inda ka bi daga Gangara zuwa Sabon Birni, fatun shanu ne a shanye a ƙasa, an kafe su da tsinke, ƙafafu huɗu a miƙe. Mahauta sun gaji da fiɗa har suna ɓuya.

A cikin wannan hali kakanku Sambo, mahaifin uwarku Dije, ya zo gidanmu. Allah ya gafarta mini, yau na kama sunan surukina, abin da ban taɓa yi ba yana da rai. Bafillace ne na rugagen da ke wajen Gatawa, mai garken da in ya doso rijiya sai an matsa masa. Bai taɓa son aurena da ɗiyarsa ba. Ko gaisuwa na kai masa, sai ya dubi gefe ya ce wa na kusa da shi, wai Kaɗo, wato Bahaushe, mai wasa da gawayi ya zo. To, fari ya cinye garken nan kakaf. Ya iso Gangara da sandarsa da malfarsa, muka ba shi ɗakin da ke kusa da turke, ya shiga ya juya wa duniya baya. Danginsa na tsallaken iyaka sun aiko ya je ya karɓi haɓɓanaye, wato karsanar da Fulani ke ba ɗan'uwan da ya rasa dukiya, ya riƙe ta har ta haifa masa sannan ya mayar da uwar. Ya ƙi. Dije ta dama fura da ɗan abin da muke da shi, ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baffa, ko kurɓi guda."

"Waɗanda nika ci don in bi su sun tafi. Ki ba mijinki, shi ad da aiki. Bango na jiran shi."

Abu guda ke tayar da shi, gingimarin wani Alhaji na garin Isa da ke kawo kaya kasuwar Sabon Birni. A shekarun ƙoshi mai motar ya kai wani mai fenti bakin rijiyar da Baffa ke shayarwa, ya zana garkensa a allon bayan motar. Ga Baffa tsaye da sanda a wuya, ga marigayiya Inna Hajjo, kakarku, da ƙwarya a ka, ga shanu sun kewaye kwamin shan ruwa a bakin rijiyar. Ranar kasuwa kawai Baffa ke yarda in ɗora shi a jaki. Sai ya tsaya bayan motar yana gaishe su da sunayensu, Ɓale baƙin bijimi, Fure, da jar saniyarsa Woɗe wadda ke jan gaba. A ranar yakan sha rabin ƙoƙo. Da wannan rabin ƙoƙon yake kai wata kasuwar. Rannan muna tsaye direban ya sauko yana goge hannu.

"Tsoho, ka yi bankwana da su. An saida mota. Isa za mu kai ta a gyara, sabon mai ita ya ce a shafe shanun ga a sa mashi zaki."

Muka dawo gida. Ranar ko ruwa bai sha ba. Ni kuwa, da bakina da ba ya zama wuri guda, na ce wa Dije ta kwantar da hankalinta, ni za ni maido masa da shanunsa. Na ɗauki gawayi na shiga ɗakinsa, na cika bango da shanu yadda na saba zana mutane don a yi dariya, layi ɗaya daga ƙaho har wutsiya, ƙafafu huɗu reras. Na ja baya ina jiran yabo. Ya juyo a hankali ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Wa yaf feɗe su?"

Na ce, "Baffa, ai ga su tsaye."

"Fatu na ka shanya mani a bango. Ba su ishe ka a waje ba, sai ka kawo mani su inda nika kwana?"

Na sake duban bangon, wallahi fatu ne. Babu tozo, babu ciki, babu nauyi, shimfiɗaɗɗu kamar waɗanda aka kafe a bakin hanya. Na wanke bangon da hannuna. Na je yi wa mutum magani na ƙara masa ciwo.

Lokacin nan iska ta soma juyawa, ana ganin hadari yana leƙowa daga gabas. Kowa na gyara irinsa. Ni kuma na yanke shawarar bin motar har Isa in nemo wanda ya yi zanen. Sai dai me zan zana a kai wanda zan iya ɗaukowa? Katako mai santsi guda ɗaya ne a gidan, ƙyauren da na sa kafinta ya yi wa Dije da aurenmu, wanda matan unguwa ke zuwa kallo. Ta fito daga madafa ta tarar ina kwance shi.

"Nomau, ni da mi za ni rufe ɗaki?"

"Mi ag gare mu da ɓarawo za shi ɗauka? In ya shigo ma sai dai ya bar muna wani abu don tausayi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko zanenta na sallah ta miƙo mini in naɗe shi, ta ce, "In fatu za ka kawo, kak ka dawo ta ƙofar ga." Innata kuwa tana daga zaune take faɗa, wai mala'iku ba su shiga ɗakin da ke da hoto. Na ce mata a turke za a ajiye shi, mala'ikun turke sun saba da shanu. Ta jefo ni da mafici. Arzika ne ya bi ni har bakin gari.

"Ruwa na bisa kai, za ka bar gona ka tafi zanen shanun da sunka mutu? An yi asarar suna, wai Nomau."

A Isa na sami motar a garejin bayan kasuwa, an ɗaga ta a kan duwatsu. Mai fentin yana zaune a inuwarta, wani dattijon Bayarabe da ake kira Baba Lasisi, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa gishiri. Kun san tsakaninmu Gobirawa da Yarabawa ba a gaisuwar arziki. Yana ganin zanen fuskata ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi, bawana ya zo, har da ƙyaure ya sato mani."

Na ce, "Ubangidanka dai ya zo duba ko kana aiki."

Na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ashe shi aka ba aikin zakin. Ya tuna Baffa, ya ce tun da yake bai taɓa shan kindirmo irin na ranar ba. Ya ba ni takardar buhun siminti ya ce in zana Woɗe ya gani. Na ja layina. Ya ɗaga takardar yana nuna wa makanikai.

"Ku zo ku ga tabarma mai ƙaho. Ku Gobirawa layi kaɗai kunka sani, shi ya sa har a fuska kunka cika shi."

Na ce, "Kai naka fa, kyanwa ta yakushe ka?"

Ya yi dariya har da tari, sannan ya karɓe gawayin da na fere ya jefar. Ya jawo tulun ruwan gareji ya ajiye a rana.

"Nuna mani layi a jikin tulun ga. Taɓa shi da yatsa."

Na zagaya tulun nan kamar mai neman kunama. Babu layi. Gefen da rana ke bugu fari ne tas, daga nan yana dusashewa kaɗan kaɗan har ya shiga duhu, kuma can ƙarshen duhun, kusa da ƙasa, wani ɗan haske ya sake dawowa. Na ce masa wannan fa daga ina? Ya ce rairayi ne ke mayar wa tulu da abin da rana ta ba shi. Ina da mata, ina da gemu, ban taɓa ganin tulu ba sai ranar.

Daga nan ya mai da ni ɗan tsangaya. Ya sa na shafe ƙyauren da farar ƙasa, ya sa na yi tsani a gefensa daga fari zuwa baƙi, mataki mataki. Yana nan har yau a gefen hagu, shi ne Sanusi ya taɓa cewa datti ne zai goge na bi shi da sanda. Toka ita ce mataki na farko. Gawayin kara ya fi ta duhu kaɗan, gawayin ƙirya na maƙera ya fi shi, baƙin gindin tukunya shi ne ƙarshe, kuma ya ce in riƙa tsoronsa kamar barkono. Tsumma da yatsa nake murzawa, in ina son haske in ɗauke shi da guntun robar silifa. Tulu na yi ta zanawa har na tsani ruwa, sannan jakina, wanda yunwa ta fito masa da haƙarƙari har ya zama malami mai kyau wajen koyar da inuwa. Babban sirrin kuwa shi ne kanne ido. In ka runtse ido rabi, ƙananan abubuwa sai su gudu, ya rage daga ina ne duhu sai ina ne haske. Haka na wuni ina kanne wa bayan mota ido, har wata mai sayar da ƙosan rogo ta kawo mini kwalli, ta ce in riƙa sawa, haka ciwon ya soma wa mijinta.

Kullum sabon mai motar sai ya leƙo.

"Baba Lasisi, ina zakina?"

"Yana hanya, Alhaji. Ka san zaki ba a gaggauta shi."

Da na soma shanun, bai bar ni na fara da ƙaho ba. Ya sa na shafe ƙyauren duka da toka, sannan na riƙa sa duhu inda duhu yake, ina ciro haske inda rana ta sauka. Wuni guda babu abin da ke kan katakon sai dabbare dabbare kamar hadari. Can na ja baya na kanne ido, sai ga tozon Ɓale ya taso daga cikin tokar, da nauyinsa, kamar in ɗora hannu. Na yi ihu har wani makanike ya buga kai a ƙarƙashin mota. Wajen Woɗe na maƙale. Ja ce, ni kuma ba ni da ja. Na ce wa Baba Lasisi ya sammini fentinsa, ya ce ko ɗigo. Ya jira har rana ta faɗi, ana shirin kiran magariba, ya kama ni ya tsayar a bayan motar.

"Ina jan yat tafi?"

Na ce, "Babu shi."

"To wacce ta Woɗe?"

Na nuna ta ba tare da na yi tunani ba. Ta fi Fure duhu, ba ta kai Ɓale ba, kuma gadon bayanta na ɗaukar haske kamar an shafa mai.

"Makiyayi da magariba yaka ƙirga shanunai, bawana, sa'ad da launi ya tafi. Ka ba shi wagga, shi za shi sa mata jan da kainai."

Ina tsakiyar aikinta ruwan farko ya sauko, da hantsi. Na sungumi ƙyauren na shige ƙarƙashin mota na kwanta a kansa kamar kaza a kan ƙwai. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Na san a daidai lokacin duk Gangara na gona, maza na sara mata na binne iri, tawa gonar ce kaɗai babu kowa. Ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye a ƙarƙashin motar nan, na ce wa makanikai baƙin mai ne ya ɗigo mini a ido. Da na kama hanya a ranar, da na sami shuka. Na dubi Woɗe, rabinta saniya rabinta toka, na zauna.

Ranar da na gama, na je sa ɗan hasken nan da rairayi ke mayarwa a ƙarƙashin cikinta, babban yatsana ya zarce, inuwar ta sauko ƙasa fiye da ta jikin motar. Kafin mu lura na riga na fesa ruwan ƙaro da baki don gawayin ya kama, ba ya sake goguwa. Baba Lasisi ya ce na cika mata ciki da yawa, amma a bar shi. Ya daɗe yana duban ƙyauren, ya dubi allonsa.

"Jama'a ku shaida, Bagobiri ya kore mani shanu da rana tsaka."

Sannan ya tsoma buroshi a ruwan ɗorawa ya shafa a kan rijiyar. Ban tsaya na ga zakin ba.

Da na dawo Gangara na tarar Baffa ba ya iya zama sai an tallafe shi. Dije ta tare ni a ƙofar ɗakinta, inda asabari ke reto, ba ta tambaye ni hanya ba, zanen kawai take kallo. Na jingine ƙyauren a turken da babu ko akuya, na bari sai da rana ta yi sanyi, sannan ni da Arzika muka ɗauko tsohon muka zaunar a tabarma. Arzika bai yi mini magana ba, amma ya kama ƙafafu. Na yaye zanen. Dije ce ta fara yin sauti, ta toshe baki ta ce, "Inna." Baffa kuwa ya ƙura wa katakon ido. Ina jiran a sake tambayata wanda ya feɗe su. Sai na ji ya kaɗa harshe, irin kiran da makiyaya ke yi in za a tashi daga rijiya.

"Ɓale. Fure, matsa, ba ke kaɗai ka jin ƙishi ba."

Ya miƙa hannu, bai taɓa katakon ba, ya tsaya a kan ta tsakiya.

"Jama'a, ku dubi jan ga. Woɗe, ashe ciki gare ki?"

Na buɗe baki in ce yatsana ne ya zame, uwarku ta take mini ƙafa da dukan ƙarfin da yunwa ta bar mata. Baffa ya juyo ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da na auri ɗiyarsa. Kada wani ya ce muku hankalinsa ya gushe. Ya san katako ne, ya san gawayi ne, kuma na ga dariya a gefen idonsa.

"Dije, dama hura da kauri. Saniya za ta haihu, babu mai tsaya mata sai wanga Kaɗo, shi ko bai san gaba da bayanta ba."

Ya shanye ƙoƙon, ya nemi ƙari. Innata da ke ta faɗan mala'iku ita ta kawo nata kason ta juye masa.

Na yi shuka a makare, gonata ta ba ni kara da ɗan abin da bai kai a ɗaura dami ba. Daga rumbun Arzika muka ci har wata damina, shi ma ba cika ya yi ba. Ya yi mini gori har ya tsufa, kuma yana da iko, kada in ji wani ya mayar masa da magana. Baffa kuwa kullum da safe sai ya fita turke ya gaishe su, ƙafafunsa na dawowa, har wata safiya muka tashi babu shi babu sandarsa. Ya tsallaka iyaka wurin dangin da ya ƙi amsa wa. Bayan an yi girbi sai ga shi ya shigo Gangara da hantsi, yara na bin sa, yana janye da karsana ja wur. Bai tsaya ko'ina ba sai gaban ƙyauren.

"Woɗe, ga ɗiyarki."

Sannan ya miƙo mini igiyar.

"Riƙe, Nomau. Kai kas sa mata cikin, kai za ka yi mata ciyawa."

Ranar ya fara kiran sunana. Duk jajayen shanun da kuke kaiwa fadama yau jikokin karsanar nan ne. Daga baya na sayo wa uwarku ƙyauren kwano, har yau tana cewa yana da ƙara kuma bai kai nata ba. Na ce mata ga nata can a rumfa, ta je ta ɗauko. Ta ce in ta ɗauko, wa zai tsaya wa shanun?